Garin Riƙon Ruwa Da Jigawar Ƙasar Gumel

Kowane manomi na ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa har Maigatari da Sule Tankarkar, ya san halin gonarsa. Jigawa ce mai daɗin huɗa, garma ba ta wahala a cikinta, amma ba ta da riƙo. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya da dare, kafin azahar saman gona ya bushe, bayan kwana huɗu sai mutum ya tona ya tona kafin hannunsa ya taɓa lema. Masana sun auna sun ga jigawa mai zurfin mita guda ruwan da za ta iya ajiye wa shuka bai fi milimita 60 zuwa 80 ba, alhali ƙasa mai laka irin ta fadama ta kan ajiye ninki biyu ko fiye. Ruwan da kan sauka a wannan yanki a shekara kuwa bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, watau inci 20 zuwa 24, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba ya ke zuwa. Abin da ya fi ƙarancinsa cin rai shi ne irin zuwansa. Ya kan sauka a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke kwana goma ko sha biyar, tsiro ya ƙone, a koma neman iri. Dattawa kuma ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba.

Saboda haka duk wanda ya zo wa mutanen wannan yanki da labarin abin da zai sa rairayi ya riƙe ruwa, ba zai rasa masu saurare ba. Ga shi kuwa irin wannan abu ya fito, ana ta tallarsa a wayoyin hannu, 'yan kasuwa sun fara shigo da shi manyan birane, kuma abin da ya iso Kano ba ya daɗewa bai leƙa kasuwar Alhamis ta Maigatari ba. Turawa suna ce masa haidirojel, da Hausa sai a ce garin riƙon ruwa. Fari ne, tsaki-tsaki kamar sukari. In an zuba masa ruwa ba ya narkewa, sai ya sha ya kumbura ya zama kamar kunun da ya kwana ya daskare. In an binne shi kusa da saiwa, ƙasa ta bushe, sai ya riƙa sakin ruwan nan kaɗan kaɗan. Mata sun riga maza saninsa, gama danginsa ne ke cikin ƙunzugun jarirai na kanti, wanda a ke kira famfas.

Ƙirarsa kamar raga ce. Waɗansu dogayen zaruruwa ne ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, masu son ruwa, an ƙulle su da juna nan da can. Irin zaren nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe, shi ne ke kawo yauƙin kuɓewa da karkashi da lalo da dargaza. Bambancin kawai shi ne zaren yauƙi ba shi da ƙulli, in ruwa ya yi yawa sai ya tsinke ya bi shi, shi kuwa wannan ƙullin ne ke tsare shi wuri guda ya cika kamar salka.

A farkon shekarun 1970 ne ma'aikatan binciken gona na Gwamnatin Amurka, a wani gari wai shi Peoria, suka haɗa sitacin masara da wani sinadari da a ke samu daga man fetur, suka fid da gari mai shan ruwa ninkin nauyinsa ɗaruruwa. Daga baya kamfanoni suka ga na fetur zalla ya fi araha ya fi ƙarko, suka yar da sitacin. Shi ne ya cika ƙunzugun jarirai tun shekarun 1980, shi ne kuma mafi yawan abin da a ke sayar wa manoma a duniya. Aibinsa ba ya ruɓewa yadda ya kamata, sai dai ya farfashe ya zauna cikin ƙasa shekara da shekaru. Manomin da ya taɓa kai takin bola gonarsa ya ga yadda leda ke yi, ba ya bukatar dogon bayani. Wannan ya sa ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa doka a 2019 bisa sha'anin taki, suka shimfiɗa cewa irin wannan gari da za a yarda a sa a gona sai wanda kashi 90 cikin 100 nasa zai ruɓe cikin wata 48 bayan ya gama aikinsa.

To, shi ne masana suka koma ga tsirrai. Akwai wata ciyawar teku mai launin ƙasa wadda a ke fid da wani abu mai yauƙi daga jikinta, sunansa aljinet, wani Baturen Ingila mai suna Stanford ya gano shi a 1881. In an narka shi aka ɗiga cikin ruwa mai sinadarin alli, nan take sai ya dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye masu cike da ruwa. Akwai jar ciyawar teku wadda matan Zanzibar ke nomawa a bakin ruwa tun 1989, ita ma da nata irin yauƙin. Ana yin garin da sitacin rogo, da zaren da ke cikin kara da ɓawon gyaɗa, da ɓawon jatan lande. A 2016 wata yarinya 'yar Afirka ta Kudu mai shekara 16, Kiara Nirghin, ta ci babbar gasar kimiyya ta Google da wanda ta haɗa daga ɓawon lemo da na fiya. A Indiya wani saurayi ɗan jihar Rajasthan, Narayan Lal Gurjar, ya kafa kamfanin EF Polymer, suna yin nasu da ɓawon 'ya'yan itace, har ya kai ga manoma.

Wannan duk aiki ne mai kyau, babu mai hankalin da zai raina shi. Amma kyaun abu daban, gurbinsa daban. Gurbin wannan gari a ƙasar Gumel shi ne ledar renon dashe, da ramin itace, da lambun da a ke ba ruwa da guga. A gonar gero da wake da riɗi ba shi da abin yi, kuma wanda ya sayar da akuyarsa ya saye shi don haka ya yi hasara. Lissafi ne ya nuna haka, lissafin kuwa ɗan aji shida ma zai iya bin sa.

Ruwan sama milimita ɗaya in ya sauka bisa hekta guda, watau eka biyu da rabi, lita 10,000 ke nan, duro 50 mai cin lita 200. Gero in ya rufe ƙasa, rana tana dukansa, ya kan sha wajen milimita 5 a yini, duro 250 ke nan kullum. Yanzu a dubi garin. Cibiyar binciken gona ta Indiya da ke Delhi ta yi nata mai suna Pusa, ta ce a zuba kilo biyu da rabi a hekta. A ce ma kowane kilo ya sha ruwa ninki 400. Kilo biyu da rabi sau 400 lita 1,000 ke nan, duro 5. Duro 5 a gonar da ke shan duro 250 a yini, bai cika abin da za ta sha cikin rabin sa'a ba. In ruwa ya ɗauke mako biyu, gonar nan duro 3,500 ta ke nema. Na ɓawon itace kuwa, wanda shansa bai wuce ninki 50 zuwa 100 ba, sai an zuba kilo 10 zuwa 20 kafin a sami duro 5 ɗin nan. Gaskiya ne masu bincike a Indiya sun ba da labarin an rage yawan ban ruwa a gonakin alkama da shi, amma alkama ce ta lokacin sanyi, a ƙasa mai jiki, ga famfo a gefe in ta nemi ƙari.

Mai talla zai ce ai ba watsa shi a ke yi ba, a ramin shuka a ke sa shi, kuma tsiro ƙarami ba ya shan ruwa kamar babban gero. Wannan magana tana da kama, sai a bi ta. Gero in an shuka shi taki guda tsakanin rami da rami, watau mita ɗaya kowane gefe, hekta tana ɗaukar rami 10,000. A raba kilo biyu da rabi ga rami 10,000, kowanne ya sami rubu'in giram, wanda iyakar ruwan da zai riƙe shi ne rabin kofin shayi. Zai ce kuma garin yana cika ya zube ya sake cika sau da yawa a damina guda. Haka ne, amma sai an yi ruwa ya ke cika. Ranar da ruwa ya ɗauke, cikin nan guda da ya yi shi ke nan, ba ya haifar ko ɗigo.

Daga ina ne to labaran ban mamaki su ke fitowa? Daga tukwane. A 1999 waɗansu masana na Jamus sun gwada na fetur bisa dashen wani itace a tukwanen rairayi, suka hana su ruwa, waɗanda aka sa wa garin suka yi ninki biyu na kwanakin da sauran suka yi kafin su mutu. Gwaji ne na gaskiya. Sai dai gwargwadon da suka sa shi ne giram 4 ga kowane kilo na ƙasa. Ƙasar da garma ke juyawa a hekta guda, zurfin santimita 20, nauyinta ya kai tan 3,000. In za a yi mata irin wancan haɗi, tan 12 na gari a ke bukata, buhu 240 mai kilo 50. Ko Sarkin Noma bai isa ba. Hoton tukunyar nan ne a ke nuna wa manomi, sa'an nan a miƙa masa ƙulli guda a ce ya ishe shi eka.

Har yanzu ba a gama rage masa ƙarfi ba. Ninki 400 da a ke rubutawa a jikin buhu da tataccen ruwa a ke auna shi, wanda ba gishiri ko ɗaya a cikinsa. Ruwan da ke cikin ƙasa ba haka ya ke ba. A 1990 masana a Kalifoniya ta Amurka sun gwada iri uku na kanti, suka ga da tataccen ruwa suna shan ninki 340 zuwa 420, amma da aka sa gishirin takin zamani cikin ruwan sai shansu ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin biyar, da aka sa sinadarin alli kuwa ya koma kashi ɗaya cikin goma. Rabin kofin shayin nan ya zama cokali ɗaya da 'yan kai. Wannan kuwa ya shafi manoman arewacin Jigawa kai tsaye ta hanya biyu. Ruwan rijiya da na burtsatse kowanne da irin gishirinsa, wani ma zartsi ne sosai. Sa'an nan dabarar nan da malaman gona suka daɗe suna koyarwa, ta zuba ɗan taki cikin murfin kwalba a kowane rami, wadda cibiyar ICRISAT ta gwada a Nijar aka ga amfaninta, tana ajiye gishirin taki daidai inda a ke so a ajiye garin. Ga kuma nauyin ƙasa da ke danne shi, ba ya samun sararin kumbura kamar yadda ya ke yi a kofin mai talla.

Sai batun ruɓewa, wanda shi ne abin alfaharin na tsirrai, shi ne kuma rauninsa. Abin da aka yi da sitaci ko ɓawo abinci ne ga ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, kuma sun fi ɓarna in ga zafi ga lema, watau damina sosai. Ga gara, wadda ba ta barin kara ko tsumma ya kwana biyu a ƙasa. Kamfanin Indiya da aka ambata ya ce nasa yana aiki wata shida, ya ruɓe cikin shekara. A ce haka ɗin ne. Itace a nan a Yuli a ke dasa shi, in ruwa ya zauna. Wata shida daga Yuli ya ƙare a Janairu. Ita kuwa bazara mai kashe dashe daga Maris zuwa Mayu ta ke. Ashe garin zai yi sallama tun kafin baƙon da aka tanade shi dominsa ya iso. Waɗansu masu sana'ar sun ga wannan, sai su ɗauki sitaci su ɗaura masa sinadarin fetur don ya daɗe, su rubuta a buhu wai na tsirrai ne. Irin wannan sitacin kaɗai ke ruɓewa, sauran ya zauna a gona. An gudu gara an faɗa gidan zago. Mai saye ya kamata ya sa a karanta masa abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. In ya ji kalmar akirilik ko akirilamaid, ya san akwai fetur a ciki ko da an zana koren ganye a buhun.

To, ina amfaninsa? Yana nan, kuma ba ƙarami ba ne, in an kai shi inda lissafi ya juyo ya goyi bayansa. Ƙasar Gumel ba ta da babban kogi. Duk ruwan da shuka za ta sha da rani sai an jawo shi daga ƙarƙashin ƙasa, da guga ko da inji ko da hasken rana, ko a saya a jarka. Inda ruwa ke da kuɗi haka, kuma ƙasar da saiwa ke ciki 'yar kaɗan ce, nan ne garin ke biyan kuɗinsa. Ledar renon dashe ba ta fi cin kilo 2 na ƙasa ba. Ko da an yi mata haɗin Jamusawan nan, giram 8 ne, watau kilo guda na gari ya ishi leda 125. Mai renon mangwaro ko darbejiya ko dakwara, wanda ke ban ruwa safe da yamma, in ya sami rangwame ko na sau ɗaya ne a yini, ya san abin da ya rage na wahala. Kuma a leda saurin ruɓewa ba aibi ba ne, gama dashe watanni kaɗan ya ke yi a cikinta kafin a fitar.

Haka mai dashen tumatir da tattasai da attaruhu. In ya dama garin ya yi kauri, ya tsoma saiwar dashen a ciki kafin ya kafa, saiwar ba ta bushewa tsakanin cirewa da kamawa, kuma kwana uku ko huɗun nan na fari su ne masu kisa. Aikin mako guda a ke nema daga gare shi, in ya ruɓe bayan nan ya kyauta. Ramin itace ma haka, bisa sharaɗi. Giram 20 cikin rami, in ya riƙe ninki 80, lita ɗaya da rabi da 'yan kai ke nan kusa da saiwa, wadda da ta tsiyaye ƙasa. Wannan zai iya tsawaita kwanakin da ke tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Ba zai ɗauke ban ruwan ba. Itacen da aka dasa aka juya masa baya tun Oktoba, garin da ke gindinsa zai bushe tare da shi.

A nan ne ya kamata hukuma ta yi hattara. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a Disamba 2021 domin jihohin Arewa. Kuɗin dashen itace suna nan ke nan, kuma duk inda kuɗi su ke mai buhu ba ya nisa. Garin riƙon ruwa irin kayan da ke da daɗin kwangila ne: ana ƙirga shi da buhu, ana loda shi a mota, ana ɗaukar hotonsa ranar biki. Ɗaukar mai gadi da mai ban ruwa wata takwas kuwa ba shi da hoto. Kowa ya ga dashen da a kan yi da kiɗa da jawabi a Agusta, a dawo a Afrilu a tarar da sanduna. Abin da ya kashe su ƙishi ne da akuya, kuma babu garin da ke hana akuya. In za a sayi garin da kuɗin jama'a, a fara ware kuɗin shinge da na ban ruwa tukuna, abin da ya saura a saye shi da shi.

Na ciyawar teku musamman, da wuya ya zama na talakan Gagarawa. Tsakanin Gumel da teku a hanyar mota ya fi kilomita 1,000. Aljinet kuma yana da masu nema waɗanda suka fi manomi kuɗi: masu yin abinci na gwangwani, masu buga atamfa, likitocin haƙori, masu haɗa maganin ƙwannafi da na ɗaurin miki. Gaskiya tun 2011 wata ciyawar teku ta kan taru tuli tuli a gaɓar Afirka ta Yamma har da wajen Legas, ta hana masunta sakat, kuma masana suna neman yadda za a mai da ita dukiya. Amma tana zuwa da gishiri, tana kuma ɗauke da gubar nan ta asanik, sai an wanke an tace kafin a kusanci gonar abinci da ita. Kafin a yi wannan a ɗoro ta a mota har Sule Tankarkar, kuɗin guzuri sun fi na amarya.

In har za a yi garin don wannan yanki, da kayan yankin ya kamata a yi shi. Ɓawon gyaɗa yana nan, ga karan zoɓo da na riɗi waɗanda a ke ƙonewa bayan girbi, ga ɓawon kankana. A 2008 masana a Italiya sun nuna za a iya ƙulla zaren tsirrai da sinadarin tsamin da ke cikin lemon tsami, ba tare da fetur ba. Ga kuma ƙaro. Jihar Jigawa ta yi ɗawainiyar dashen dakwara a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, kuma masana a waɗansu ƙasashe sun haɗa irin wannan gari da ƙaro a ɗakunan gwaji. Ba wanda zai binne ƙaro mai lamba ɗaya a rami alhali masu lemon kwalba da alewa suna sayensa da dala, amma akwai ɓarɓashi da mai datti wanda a ke karyar wa. Wannan aiki ne na Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja. Ɗalibi guda da zai zauna bisa wannan shekara uku ya fi tirela goma na kayan waje amfani.

Kafin nan kuwa, garin yana da abokan takara waɗanda suka riga shi zuwa, kuma da su ya kamata a gwada shi. Jigawar nan ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ba ta da riƙo. Takin gargajiya yana ƙara riƙon, ya kuma ciyar da shuka, abin da garin ba ya yi. Kowane mako dubban shanu da raƙuma da tumaki suna tsayawa a kasuwar Maigatari, abin da su ke bari a ƙasa dukiya ce. A Sadore kusa da Yamai an gwada barin karan gero wajen tan 2 a hekta bisa gona maimakon kwashe shi ƙaf, amfani ya ƙaru, iska kuma ta rage kwasar ƙasa. Ƙetaren iyaka kaɗan, a ƙasashen Magarya da Matamai, manoma sun bar gawo ya tsiro a gonakinsu har ya zama daji, cikin kadada miliyoyi da aka farfaɗo da su a jihohin Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980. A Maraɗi kuma manoman ƙungiyar Fuma Gaskiya tare da masana na Nijar da na Jamus sun gwada dunƙula irin gero cikin ƙwallon yumɓu da rairayi da toka, a binne kafin ruwa, tsiro ya fito da ƙarfi. Ramukan tassa da suka rayar da ƙasar Tawa sun fi dacewa da faƙo, a sako-sakon rairayi su kan rufta, saboda haka ba ko'ina ne za su yi a nan ba. Mai itace ɗaya ko biyu a ƙofar gida kuwa, tsohon tulu marar shafe in ya binne shi a gindi ya riƙa cikawa ya rufe baki, zai yi masa aikin da garin zai yi, maginin tukwane na garinsu ya sami ciniki.

Akwai gargaɗi biyu da ba za a tsallake ba. Kada wani ya ji an ce famfas dangin garin ne ya shiga kwaso na bola yana kaiwa lambu. Na famfas da gishirin soda a ke yinsa, wanda ke lalata ƙasa, ga ƙazanta ga cuta. Na biyu, busasshen garin a ajiye shi inda yaro da kaza da akuya ba za su kai ba, gama abin da ke kumbura a kofi haka zai kumbura a ciki. Wajen aiki da shi kuma a jiƙa shi tukuna, a sa shi a zurfin saiwa a rufe. In an zuba shi busasshe da yawa, ruwan fari zai kumbura shi ya turo dashen waje, in an bar shi a sarari rana ta cinye shi.

Gani ya kori ji. Duk wanda ya kawo garin nan kasuwa ko ofis, a tambaye shi a wace gona ta ƙasar Gumel aka gwada shi, da ruwan wace rijiya. Manomi ma zai iya yin nasa gwajin da ƙulli guda. Ya sami kwano uku, ɗaya ruwan sama, ɗaya ruwan rijiyarsa, ɗaya ruwan da ya narka ɗan taki a ciki, ya zuba cokali guda na gari a kowanne, da safe ya tace da tsumma ya dubi wanda ya fi tashi. Sa'an nan ya ƙulla jiƙaƙƙen cikin guntun gidan sauro, ya binne a gona zurfin taƙi guda, ya riƙa tonowa kowane wata yana ganin abin da ya rage.

Babban gwajin kuwa na malaman gona na JARDA ne da ma'aikatan daji na ƙananan hukumomin nan huɗu. A kowace ɗaya a sami fili a shinge shi, a dasa itace iri ɗaya layi huɗu, hamsin hamsin: layi na fari ba a sa masa kome ba, na biyu takin gargajiya, na uku garin, na huɗu garin da taki. A ba su ruwa daidai wa daida, a rubuta kowace jarka da aka zuba. Ƙidaya kuma a yi ta a ƙarshen Mayu kafin ruwa ya sauka, a gaban dagaci da manoman garin, a karanta sakamakon a Rediyo Jigawa tare da sunan garin da aka gwada da kuɗin da aka sayo kowane kilo.